Daga Matan Fada Zuwa Bahar Maliya: Yadda Na Zaɓi Inda Zan Koyi Nutso Da Ɗaukar Hoto A Ƙarƙashin Ruwa

Ni mutumin Argungu ne, a Birnin Kebbi nake zaune, kuma ɗaukar hoto ce sana'ata: biki, suna, walimar sauka, taron siyasa, duk inda aka kira ni. Tun da mutane suka ga hotunan da na ɗauko daga ƙarƙashin teku ake ta tambayata ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma wace ƙasa ta fi. Lokacin da ni nake neman waɗannan amsoshi ban samu ko mutum ɗaya a nan gida da zai ce mini ga hanya ba. Abin da ke intanet kuwa Turawa ne suka rubuta wa 'yan uwansu, masu fasfon da kusan kowace ƙasa ke buɗe wa ƙofa. Shi ya sa na ga ya dace in jera abin da ya faru daki-daki, don wanda zai biyo baya ya huta da ruɗanin da na sha.

Abin ya samo asali ne a bikin kamun kifi na Argungu na watan Maris na 2020, wanda aka farfaɗo da shi bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Ranar kabanci, wato ranar wasannin ruwa, ina bakin gulbin Matan Fada da kyamara, ina kallon masu gasar nutso. Mutum zai ja numfashi ya ɓace, a yi ta jira, can sai ya ɓullo. Duk jarumtar a ƙasa take faruwa inda ba mai gani, ni kuma abin da na koma gida da shi hotunan saman ruwa ne da kawunan mutane. Ruwanmu laka ta gama da shi, ko tafin hannunka ka nutsa ba ka ganinsa. Na gwada a Yauri ma, ta wajen da Neja ke buɗewa ta shiga tafkin Kainji, da waya a cikin leda mai zif, ba abin da ya fito sai duhu. Daga nan na san in har ina son wannan fanni sai na je inda ruwa yake garau, kuma sai na koyi nutso irin na masu goya silindar iska a baya, domin mai riƙe numfashi ba shi da lokacin tsayawa ya saita hoto.

Na yi shekaru ina tara kuɗi ina kallon bidiyo a YouTube da dare. Da kuɗin suka fara kauri na rubuta wurare huɗu a takarda: Indunusiya, Zanzibar, Maldibs da Masar. Indunusiya ce a sama, saboda duk mai wannan sana'a da ita yake mafarki. Tana cikin yankin da ake samun kusan kashi 76 cikin ɗari na nau'o'in murjanin duniya, ga Raja Ampat don hoton manyan garken kifi, ga mashigin Lembeh don ƙananan halittu masu ban mamaki da ke ɓoye cikin baƙin yashi. Na kai takardar wajen wani Alhaji mai harkar tikitin jirgi da Umara. Bai duba hotunan da nake nuna masa a waya ba, tambaya ɗaya ya yi mini: «Malam, da koren fasfon nan namu za ka je?» Ya bayyana mini cewa Najeriya tana cikin 'yan ƙasashen da Indunusiya ke yi wa biza ta musamman, wadda sai wani a can ya tsaya maka kuma sai an amince daga Jakarta. Ga jirgi hawa uku ko huɗu kafin a isa Raja Ampat, ga igiyar ruwa mai ƙarfi da ba ta sabon shiga ba ce. Ranar na koma gida jikina a sanyaye, amma na goge ta daga takardar.

Zanzibar ta fi kusa, kuma garin Musulmi ne. Sai dai ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida an tantance shi, kuma daga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga tsibirin sai ya biya dala 44 na inshorar gwamnatinsu. Wuraren nutsonsu masu kyau, irin su Mnemba, sai an shiga kwalekwale mai inji, daga Maris zuwa Mayu kuma damina ce mai ƙarfi. Maldibs ita ce ta fi jan raina bayan Indunusiya. Biza kyauta ce ta kwana 30 a filin jirgi, kuma tun 2009 aka yarda a buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, inda ba giya, ga masallaci a kusa. Abin da ya kai ni can a zuciya hoton manyan kifayen manta ne masu fukafukai a Hanifaru. Da na bincika sai na tarar ba a ma yarda a shiga wurin da silinda, iyo kawai ake yi a sama da bututun numfashi, kuma kifayen lokaci gare su, daga wajen Yuni zuwa Nuwamba. Yawancin sauran wuraren mashigai ne tsakanin tsibirai inda ruwa ke jan mutum yana wucewa da shi. Gwani yana jin daɗin haka. Wanda yake koyo kuma yana so ya tsaya cak a gaban kifi ɗaya, ba abin da zai samu sai hoto mai rawa.

Saura Masar. Bahar Maliya ce, tekun nan da alhazanmu ke gani a Jidda, sai dai ta ɗaya gaɓar. Dalilin da ya sa ruwanta yake garau mai sauƙi ne ga duk wanda ya girma a bakin gulbi: babu wani babban kogi da ke kwarara cikinta ya kawo laka, kuma hamada ce ta kewaye ta, ruwan sama kaɗan ne. Mutum yana iya hangen mita 20 zuwa 30 a gabansa, kuma nau'o'in kifinta sun haura dubu. Jirgin EgyptAir yana tashi daga Kano da Abuja da Legas kai tsaye zuwa Alƙahira. To amma cewa Masar ma ba ta gama magana ba, domin a cikinta akwai Hurghada, da Sharm el-Sheikh, da Marsa Alam, da Dahab, ga kuma jiragen ruwa da ake kwana a ciki mako guda ana yawo daga wannan dutsen murjani zuwa wancan. Waɗannan jiragen su ake ta talla, kuma hotunansu sun fi kowanne kyau, amma wurare irin su tsibiran Brothers da Daedalus ana neman wanda ya yi nutso 50 a rubuce. Jirgin dakon kayan yaƙi na Ingila mai suna Thistlegorm, da ya nutse a 1941 da babura da manyan motoci a cikinsa, yana kwance ne a zurfin wajen mita 30, sabon shiga kuwa iyakarsa mita 18. Marsa Alam ta ja hankalina saboda a Abu Dabbab ana ganin wani ɗan uwan ayun da masuntan Yauri suka sani, yana kiwo a ciyawar ƙasan teku. Amma Dahab ce kaɗai na ga mutum zai sa kayansa a bakin titi, ya taka da ƙafa ya shiga ruwa, ya tarar da murjani cikin 'yan mituna. Ba jiran jirgi, ba kuɗin jirgi, kuma yana iya komawa wuri ɗaya gobe da jibi. A kan wannan na tsaya.

Mataki na gaba shi ne zaɓen makarantar nutso, kuma a nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan, domin ranka za ka damƙa wa wanda ba ka taɓa gani ba. A Masar akwai hukuma mai suna CDWS da ke sa ido a kan cibiyoyin nutso, sai na fara da tabbatar da cewa duk wadda zan tuntuɓa tana da rajista. Na tura wa kowace tambayoyi iri ɗaya ta WhatsApp: ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya, kuɗin ya haɗa da littafin karatu da katin shaida da hayar kaya ko kuwa daban ne, suna da iskar oksijin ta gaggawa a motar da ke kai mutane bakin ruwa, suna ba da hayar kyamara, kuma za su ba ni takardar gayyata mai hatimi don neman biza. Kuɗin matakin farko, wanda ake kira Open Water a tsarin ƙungiyoyin koyar da nutso na PADI ko SSI, duk tsakanin Yuro 300 da 400 suka faɗa. Wata cibiya ta yi mini ragi sosai amma ta ce in tura rabin kuɗi asusun wani mutum, na bar ta. Wata ta ce ba matsala, tun ranar farko zan riƙe kyamara. Wadda na zaɓa ita ce wadda malaminta ya rubuto mini cewa ba zai bar ni in taɓa kyamara ba sai na gama darasi, kuma ya ga ina iya tsayawa a tsakiyar ruwa ba tare da na motsa hannu ba. Amsar ba ta yi mini daɗi ba a lokacin, amma ita ce ta nuna mini mutumin ya san aikinsa.

Su ne suka turo mini takardar lafiya mai tambayoyi goma, game da zuciya, huhu, asma, kunne, hawan jini, farfaɗiya, tiyata da magungunan da mutum ke sha. In ka amsa e a wasu daga ciki, dole likita ya sa hannu. Ni na zaɓi in ga likita ko da ba dole. Na je wani asibiti a nan gari da sassafe, na yanki kati, na zauna a benci har wajen azahar. Likitan bai taɓa ganin irin takardar ba, amma ya karanta ta a tsanake, ya ce a yi mini hoton ƙirji, da gwajin bugun zuciya, da na jini. Ya tambaye ni rukunin jinina na sikila, kuma wannan tambaya ce da ta shafe mu fiye da Turawan da suka tsara takardar: mai SS ba ya wannan nutso, mai AS kuma sai ya zauna da likita sun tattauna. Ya leƙa kunnena ya ce akwai datti da ya toshe ɓangare ɗaya, aka wanke. Ya kuma gargaɗe ni kada in shiga ruwa da mura, domin in hanci ya toshe ba yadda za a yi iska ta isa cikin kunne ta daidaita matsin ruwa. Duka-duka sai da na yi zirga-zirga ta kusan mako kafin sakamako ya haɗu ya buga hatimi.

A gida ma akwai ofishin da sai an bi ta cikinsa. Mahaifiyata ta yi shiru da na faɗa mata, can ta ce in je in gaya wa ƙaninta, wanda ya tsufa da homa da gora a hannu. Na tarar da shi a ƙofar gida bayan la'asar. Ya saurare ni har na gama, ya ce: «Kai ɗana, mi kaka biɗa cikin ruwan gishiri wanda babu shi gulbinmu?» Na ce, «Kawu, so nake in ga abin da kuke gani in kun nutse, in kuma nuna wa mutane.» Ya yi dariya ya ce su ma ba gani suke yi ba, lalube suke. Sannan ya ce kowane ruwa da masu shi, in na je in bi abin da mutanen wurin suka ce ko da na ga na fi su iyo. Ya sa mini albarka, mahaifiyata ma ta sa. Game da iyon kuwa, ana gwada kowane ɗalibi: mita 200 ba tsayawa, da minti goma a saman ruwa ba tare da an riƙe komai ba. Wanda bai iya ba ya koya tun a gida, kada ya kai kuɗinsa can ya ɓata kwanakin darasi.

Fasfona ya kusa ƙarewa, kuma ana so ya zama da sauran aƙalla wata shida. Na cike takardar a shafin hukumar shige da fice, na biya ta intanet, na zaɓi ranar ɗaukar hoto da yatsu a ofishinsu na Birnin Kebbi. A lokacin mai shafi 32 na shekara biyar naira 50,000 ne. Daga 1 ga Satumba 2025 ya koma 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. Abin da na ga yana mayar da mutane gida a layi shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin lambar NIN da tsohon fasfo, ko da harafi ɗaya ne, kamar Muhammad da Mohammed. A duba wannan kafin a biya ko kwabo. Sai katin rigakafin shawara, wanda Masar ke nema daga duk mai fitowa daga Najeriya. Ana biya ta intanet, a buga rasit, a kai ofishin lafiya na filin jirgi a yi allurar. Ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Biza sai Abuja. Na tashi da asuba ta Jega, Koko, Yauri, Kontagora, don kada dare ya same mu a hanya. Na kai fasfo, hotuna, takardar banki ta wata shida, takardar rajistar sana'ata, ajiyar tikiti da masauki, katin rigakafi, da takardar gayyatar makarantar nutso. Jami'in ya tambaye ni abin da zan je yi, na nuna masa gayyatar, ya karɓa, ya ce sai an tantance kuma abin yana ɗaukar makonni. Haka kuwa aka yi. Wannan jiran shi ne ya fi komai nauyi a zuciyata, domin kullum farashin tikiti motsi yake, ni kuma na ƙi biya sai biza ta fito. Ina ganin wannan shi ne daidai ga ɗan Najeriya, ko da tikitin zai ɗan ƙara tsada. Da ta fito na biya tikiti, na cike fom A a banki don guzurin matafiya, wanda yanzu a kati ake zuba shi, na kuma sayi 'yan daloli sababbi a hannun 'yan canji na Zone 4 don ko-ta-kwana. Na yanki inshorar masu nutso ta DAN, saboda inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar jinyar ciwon da nutso ke jawowa, ɗakin matsin da ake jinyar a ciki kuwa kuɗinsa ba na wasa ba ne. Akwai irin wannan ɗaki a Dahab da Sharm el-Sheikh, kuma wannan ma yana cikin abin da ya kwantar mini da hankali.

Sai a wannan gaɓar na waiwayi maganar kyamara. Babbar kyamarata ta aiki tana buƙatar akwati na musamman da aka ƙera don ita kaɗai, da murfin gilashi daban ga kowane ido da za a ɗaura mata, da fitilu biyu a kan hannaye. Da na haɗa lissafi sai na ga kayan sun fi kyamarar kanta tsada, kuma in ɗigon ruwan gishiri ya shiga, abin da nake ci da iyalina da shi ne ya tafi. Na bar ta a gida. Na yi hayar ƙaramar Olympus TG-6 a can, wadda ita kanta tana jure mita 15, a cikin akwatinta kuma 45, tana ɗaukar hoton RAW, wato ɗanyen hoto mai sauƙin gyara daga baya, kuma tana da ƙwarewa wajen ƙananan abubuwa. Lokaci kuma na zaɓi Oktoba. Ruwan yana wajen digiri 26 a lokacin, da hunturu kuwa yana sauka zuwa 21 ko 22. Na kauce wa watan azumi saboda ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin nutso, na kuma kauce wa Disamba da Janairu, lokacin aikin biki ne a wajena, kuma lokacin da hazo ke hana jirage tashi.

Daga Alƙahira na hau ƙaramin jirgi na awa ɗaya zuwa Sharm el-Sheikh, daga nan mota ta bi ta cikin duwatsu fiye da awa guda zuwa Dahab. Ƙaramin gari ne, masallatai a kusa, abinci ba abin tambaya, kuma in gari ya waye kana hango duwatsun Saudiyya a ƙetare. Darasi ya fara da karatu da jarrabawa, sannan aka shiga ruwa marar zurfi. Abu na farko da malamin ya dasa mana shi ne wanda ya saɓa wa duk abin da na koya tun ina yaro. A gulbi gwani shi ne wanda ya fi daɗewa riƙe da numfashi. Da silinda kuwa riƙe numfashi yana iya kashe mutum. A zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama, iskar da ka shaƙa a can in ka taso da ita a kulle za ta kumbura ta ninka, ta yaga huhu. Sai da na yi ta faɗa da jikina a kan wannan, domin da zarar ruwa ya rufe kaina maƙogwarona ke kullewa da kansa. Malamin yana gabana yana nuna mini da hannu: shaƙa, fitar, shaƙa, fitar. Duk ɗan Kabi ko Basarke da zai je ya sa wannan a ransa tun daga gida. Na kuma ji yadda ruwan ke tura ni sama, saboda gishirinsa ya kai giram 40 a lita, ya fi na yawancin tekuna, har sai da aka ƙara mini dalma a ɗamara. Rigar roba mai kaurin milimita biyar na sa, duk da haka bayan minti arba'in sanyi yana shiga ƙashi. Muka yi nutso huɗu na ƙa'ida, muka koyi fitar da ruwa daga gilashin fuska, da ba abokin tafiya iska, da tsayawa minti uku a mita biyar kafin a fito, da fitowa da sauran iska bar 50 (ma'aunin matsin iska ke nan) daga cikin 200 da ake cika silinda.

Bayan an ba ni shaida na ƙara darasi ɗaya na daidaita jiki a tsakiyar ruwa, sannan ya miƙo mini kyamara. Hotunan farko duk shuɗi suka fito, ba ja ba ɗorawa. Ruwa yana shanye launi: ja yana ɓacewa tun daga wajen mita biyar, sai ruwan lemo, sai ɗorawa, har ya rage shuɗi kaɗai. Na kunna fitilar jikin kyamara, sai hoton ya cika da fararen ɗigo, kamar ka haska fitilar mota cikin ƙurar hunturu. Maganin shi ne a cire fitilar daga kusa da idon kyamara a kai ta gefe a kan hannu, sannan a matsa kusa. Hasken fitila a ruwa da ƙyar yake wuce mita ɗaya da rabi, gilashin fuska kuma yana ruɗin ido, komai yana bayyana ya fi girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma fi kusa. Inda kake zaton ka isa, da saura. A nan zaɓen Dahab ya biya ni. Kullum ina komawa wurin da ake kira Lighthouse, wajen wasu kifaye biyu masu ruwan lemo da farin zane da ke zaune a gida ɗaya ba sa ƙaura. Da dare in duba hotuna in ga abin da ya lalace, da safe in koma wajensu in gyara. A Eel Garden kuma akwai siraran kifaye da ke tsaye cikin yashi suna rausaya, kana matsowa su shige rami. Sai ka kwanta a ruwa ka rage numfashi ka jira su sake fitowa. Hotunan da na fi alfahari da su duk tsakanin mita biyar da goma sha biyu na ɗauke su, inda hasken rana yake da ƙarfi kuma iska ta fi daɗewa.

Akwatin kyamara yana da nasa ladabi. Ransa wani zoben roba ne da ke kewaye da murfi. Kowace safiya a ciro shi, a goge, a shafa masa ɗan man silikon, a duba da haske, domin silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa ta shigo da ruwa. A rufe shi a ɗaki mai sanyi, a sa ƙunshin shanye raɓa a ciki, kada a bar shi a rana, kuma ana fitowa a jiƙa shi a ruwan daɗi kafin a buɗe. Batura a jakar hannu ake ɗaukarsu a jirgi. Taɓa murjani ko ɗauko wani abu ko ba kifi abinci duk haramun ne a dokarsu, kuma mai kyamara shi ya fi kowa faɗawa wannan laifi, don idonsa yana kan allo ƙafarsa tana karya abin da ya yi shekaru yana tsirowa. Na ga haka da idona kuma ya ɓata mini rai. Ranar ƙarshe ba a nutso. Ƙa'ida ita ce aƙalla awa 18 tsakanin nutson kwanaki da hawa jirgi, saboda iskar naitirojin da ta taru a jiki, ni na bar 24. Wannan ƙa'ida ta shafi hawa dutse ma. Da yawa cikinmu za su so ziyartar Dutsen Sina'i tunda yana kusa, amma tsayinsa mita 2,285 ne, don haka a je kafin a fara nutso ko bayan an huta.

Da zan ba ƙanina shawara, zan ce ya fara da tambayar inda fasfonsa zai kai shi, sannan lafiyarsa, sannan ya nemi ruwan da zai bar shi ya koma wuri ɗaya sau da yawa, kyamara ta zo daga baya. Hoton talla gwanaye ne suka ɗauke shi bayan ɗaruruwan nutso, a daidai makon da halittar ke zuwa, kuma ba ya gaya maka ƙarfin ruwan wurin ko bizar da ke gabanka. Wajen kuɗi, tikiti ne ya fi cin kaso, ya fi kuɗin darasi da masauki in an haɗa, don haka tafiyar kwana biyar asara ce: darasi kaɗai zai cinye uku ko huɗu, ranar ƙarshe kuma ba shiga ruwa. A ware aƙalla kwana goma. Lokacin da na je, nutso ɗaya da jagora da kayan haya yana kamawa wajen Yuro 30 zuwa 40, kuma ana ragi in ka biya da yawa a haɗe. In har za a sayi wani abu, gilashin fuska ne da ya dace da fuskar mutum, a gwada shi a can kafin a biya. 'Yan uwa mata da suka tambaye ni: rigar robar tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hular da ke rufe kai, kuma akwai malamai mata, sai dai a nemi hakan tun a saƙon farko. Sannan duk nutson da aka yi a rubuta shi a littafi, da zurfi da minti da sunan wuri, jagora ya sa hannu ya buga hatimi, domin makaranta ta gaba wannan littafin za ta fara tambaya kafin ta yarda ta kai mutum Marsa Alam ko Thistlegorm.